Mu Ma Muna da Rabo a Labarin Kawar Ƙasan Teku

Jama'a, yau zan ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri. Maganata a kan wata halitta ce da yawancinmu a Kano ba mu taɓa gani ba, watakila ma har mu koma ga Allah ba za mu gan ta ba: kawar da ke zaune a can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa. Ni dai a ganina labarinta ya shafe mu, duk da tsakaninmu da bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota. Kuma akwai aikin da ya rataya a wuyanmu game da danginta da suka zama dutse a nan arewa, aikin da har yanzu ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba.

Kawa halitta ce mai laushin jiki, ba ta da ƙashi, tana zaune tsakanin ɓawo biyu masu tauri. Tun tana 'yar mitsitsiya take liƙa ɓawo ɗaya a jikin dutse ko a bayan wata kawar, daga ranar kuwa ba ta ƙara gusawa ko taku ɗaya. Abincinta a ruwa yake zuwar mata, ita dai ta buɗe baki ta tace. Mutanen yankin Neja Delta sun san ta sarai, don a jikin saiwar itatuwan bakin teku suke ɓamɓaro ta. Masuntanmu na Kwara da Binuwai su ma sun san wata mai kama da ita a ruwan daɗi, ko da yake ba gidansu ɗaya ba. Duk waɗannan a ruwa mara zurfi suke, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar kawa 'yar gefen ruwa ce.

Ai ba kawa kaɗai aka yi wa wannan zato ba. A 1843 wani masani ɗan Birtaniya, Edward Forbes, bayan ya yi ta jan raga a tekun Girka, ya ce daga zurfin kimanin mita 550 zuwa ƙasa babu wani mai rai. Jirgin bincike mai suna Challenger, da ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876, ya rushe wannan magana da dubban halittun da ya kwaso daga zurfin da ya ninka haka sau da yawa. Amma ku lura da kayan aikin da ake amfani da shi a wancan zamani, har ma da shekaru ɗari bayansa: kwandon ƙarfe ne mai raga, a ɗaura masa igiya a jefa, jirgi ya ja shi a ƙasan teku. Inda ƙasa take shimfiɗe da laka, sai ya cika ya fito. Inda kuwa dutse ya miƙe tsaye, ko ya turo baki ya yi rufi, kwandon ba ya iya ɗauko komai, wani lokaci ma a can zai maƙale igiya ta tsinke. Saboda haka duk halittar da ta zaɓi irin wannan wuri, sai dai a riƙa ganin gutsattsarin ɓawonta jefi-jefi, ba a san yadda take zaune ba.

Sai da mutum ya sauka da kansa ya duba. A tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, a tsakiyar tekun Atlantika, akwai mashigin ruwa tsakanin tsibirin Faial da na Pico. A nan masu bincike suka shiga wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Lula, suka gangara zurfin mita 420 zuwa 500, suka haska fitila a ƙarƙashin rufin duwatsu. Sai ga kawa jingim, manya-manya, wasu tsawonsu ya kai santimita 30, suna rataye kai ƙasa, wata a kan wata. A 2009 aka wallafa bayaninta, ƙarƙashin jagorancin wani masani Bajamushe, Max Wisshak, aka sa mata suna Neopycnodonte zibrowii don girmama Helmut Zibrowius, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin halittun ƙasan teku a birnin Marseille na Faransa. Ku duba shekarar da kyau. Muna riƙe da wayar salula a Kano, wasunmu har sun fara hawa Facebook, amma halitta mai wannan girma, a kusa da Turai, ba ta da ko suna a littafin masana.

Rataya kai ƙasa ɗin nan ba banza ba. A ƙasan teku kullum ƙura da laka suna sauka a hankali daga sama, kuma halittar da ba ta iya matsawa, idan ta zauna a fili, binnewa za ta yi da ranta. A ƙarƙashin rufin dutse lakar ba ta samun wurin zama, ga igiyar ruwa tana wucewa da abinci. Ruwan wurin da sanyi, kimanin digiri 12, kuma ba ya sauyawa sosai rani da damina. A irin wannan zama ba a gaggawar girma.

Da aka auna ɓawon da gwajin kabon-14, wato hanyar gano shekarun abu ta auna wani sinadari da ke raguwa a hankali a cikinsa, daga sashen da ta fara ginawa tana ƙarama zuwa na ƙarshen rayuwarta, sai aka tarar guda ɗaya tana iya wuce shekara 500 a raye. Wannan adadi ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa Shehu Maghili ya zo garin nan. To kusan duk abin da ya gudana daga wancan lokaci zuwa yau, sarakunan Haɓe da suka biyo baya, da jihadi, da shigowar Turawa a 1903, da dalar gyaɗa, da samun 'yancin kai, za su iya shiga cikin rayuwar kawa guda, tana liƙe a wuri ɗaya cikin duhu tana tace ruwa. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya halicce ta, Ya kuma ciyar da ita a inda babu mai ganinta.

Idan aka yanka ɓawon aka duba cikinsa, falle-falle ne. Wani fallen ƙiƙam yake da tauri, wanda ke bi masa kuma ramuka-ramuka ne ƙanana, haka suke jeruwa har ɓawon ya yi kauri ba tare da halittar ta kashe abu mai yawa wajen gini ba. Wannan gini mai ramuka alama ce ta reshen danginsu, kuma da ita masana ke gane su ko a cikin dutse. Sinadarin da aka yi ɓawon da shi, kalsait, ya fi juriya a kan aragonait ɗin da yawancin katantanwa ke gina nasu ɓawon da shi. Aragonait kan narke idan zamani ya yi tsawo, ya bar gurbi kawai, shi kuwa kalsait yakan zauna. Dalilin da ya sa ke nan burbushin kawa, wato ɓawonta da ya saura a cikin dutse, ya yi yawa a duwatsun duniya, tun daga sama da shekara miliyan 200 da suka wuce. Ga wani amfanin kuma: kowane falle yana ɗauke da alamar sinadaran ruwan da aka gina shi a ciki, don haka ɓawo guda na iya ba da labarin ɗumin teku na ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera ma'aunin zafi.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne maƙwabcinta. A wannan rufin dutse na Azores, tsakanin kawar da kuma a bayanta, akwai wata 'yar halitta dangin tauraron teku, Cyathidium foresti, ita ma a liƙe take. Masu nazarin burbushi da suka ga hotunan sai suka gane wannan zama, domin sun taɓa ganinsa a cikin dutse. A garin Faxe na ƙasar Danmak akwai babban wurin haƙar farar ƙasa, dutsen wurin ya haura shekara miliyan 60, ya taru ne jim kaɗan bayan ƙarewar manyan dabbobin nan dainoso. A cikinsa an samu kawa ta wannan dangi tare da Cyathidium, a liƙe a rufin ƙananan koguna, zama iri ɗaya da na Azores. Jinsunan ba su ne ainihin na yau ba, 'yan uwansu ne na da, amma maƙwabtakar da salon zaman ba su sauya ba. An fara sanin abin a matsayin burbushi, ana yi masa kallon tarihin da ya shuɗe, alhali yana nan da ransa a wurin da kwandon ƙarfe ba ya kaiwa.

Da aka san inda za a duba, sai ta yi ta bayyana: a kwazazzaban ƙarƙashin ruwa na mashigin Biscay kusa da Faransa, a kwazazzabon Whittard kudu da Ayalan, a mashigin Cadiz, a Bahar Rum, sannan a nahiyarmu, a gaɓar Muritaniya da ta Angola. Ku ɗauko taswira ku duba abin da ke tsakanin Muritaniya da Angola. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 a nan tsakiya.

Kwanakin baya na kawo wannan hira a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani dattijo da muke girmamawa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, abin akwai ban mamaki, amma mu nan da ruwanmu bai wuce Challawa da Tiga ba, ina ruwanmu da teku? Ku bar wa mutanen Legas mana." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ai tekun ya taɓa zuwa arewa, har ya bar kayansa." Ya gyara zama ya ce in faɗa masa inda ya bar su.

Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku ya sha malalowa cikin Afirka ta Yamma, ya ja da baya, ya sake dawowa. Ya ratsa inda Sahara take a yau, ta Aljeriya da Mali da Nijar, a wasu lokutan har ya haɗe da tekun kudu. Kano dai ba ta da rabon wannan laka, don garinmu a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, wanda ya girmi kawa nesa ba kusa ba, kuma jar marmarar da ke kan Dala da Goron Dutse a tudu ta samu. Amma gabas da mu da yamma da mu, labarin daban ne. A Ashaka ta jihar Gombe, farar ƙasar da ake haƙa don yin siminti lakar teku ce ta shekara miliyan 90 da ɗoriya, cike take da ɓawon kawa da na wasu halittu masu naɗaɗɗen ɓawo da ake kira amonait. Har sunayen garuruwanmu sun shiga littattafan duniya ta dalilinsu: akwai Gombeoceras, akwai Bauchioceras. A Sakkwato kuma ga duwatsun Dukamaje da Dange da Kalambaina. Tun 1930 aka wallafa bayanin ƙasusuwan dabbobin ruwa daga lardin Sakkwato, daga baya masu bincike 'yan Italiya suka tono ƙoƙon kan wani ƙaton ƙadangaren teku a yankin Goronyo, aka sa masa suna Goronyosaurus a 1972. Ƙoƙon kan yana birnin Florence na Italiya. Yaran Goronyo nawa ne suka taɓa jin sunan, balle su ga ko kwafinsa?

Gaskiya ita ce tekun namu ba mai zurfi ba ne, kawarmu ta Gombe a ruwa mai ɗumi mara zurfi ta rayu. Amma da yawa daga cikinta, irin su Exogyra, gida ɗaya ake lissafa su da waccan ta Azores. Dangi ɗaya ne, wani reshe ya ƙare ya zama dutse a ƙasarmu, wani reshen yana nan a duhun teku.

Ina da guda ɗaya a aljihun teburina. Wani tsohon ɗalibina da ya yi aiki a wajen Gombe ne ya kawo mini tsaraba. Ta cika tafin hannu, launinta toka-toka, ta fi yadda ido ke zato nauyi. Bayanta a kumbure yake da layuka masu kauri, bakinta ya murɗe gefe guda, cikinta kuwa laka ce da ta daskare ta zama dutse. Idan ka shafa da yatsa za ka ji gargadar layukan girmanta. Ranar da na shiga aji da ita ban yi dogon bayani ba, na miƙa wa na layin gaba na ce ta zaga. Ajin da na saba fama da surutunsa sai ya yi tsit. Wani yaro ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Malam, wallahi wani ne ya sassaƙa." Wata yarinya ta kanga ta a haske ta ce, "Malam, to ina naman ya tafi? Kuma ya aka yi ruwan ya gudu?" Tambayoyin da masana suka yi ƙarni suna bi ke nan, sun fito daga bakin 'yar shekara goma sha huɗu saboda an sa mata abu a hannu. Gani ya kori ji. Na sha koyar da darasin duwatsu a kan allo, ban taɓa samun irin waɗannan tambayoyi ba.

Na san akwai 'yan uwa da zuciyarsu ba ta kwanta da maganar miliyoyin shekaru ba, kuma ba na raina wannan damuwa, don kishin addini ne ya kawo ta. Abin da zan ce shi ne, a Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Malaman Musulunci na da sun duba ɗin. Albiruni, kusan shekara dubu da ta wuce, ya lura da ɓawon halittun ruwa da ake tararwa idan ana haƙa rijiya a hamadar Larabawa, ya ce wurin teku ne a da. Ibnu Sina ya yi rubutu a kan yadda duwatsu ke samuwa daga laka da yadda halittu ke zama dutse. Su kuma shekarun ba ƙiyasi ake yi da ka ba. Kabon-14 rabinsa yana ƙarewa duk shekara 5,730, don haka ba ya auna abin da ya wuce kimanin shekara 50,000. Shi ya dace da ɓawon kawar Azores. Na miliyoyi kuwa da wasu sinadaran ake auna su, irin su yuraniyom da ke rikiɗa ya zama dalma a hankali cikin tokar dutse mai aman wuta da ta kwanta tsakanin fallayen laka. Wanda ke da ja a kan awon, ƙofar koyon yadda ake yin sa a buɗe take, kuma na fi son yaranmu su shiga su koya da a ce su tsaya daga waje.

Ba na ganin laifin siminti. Da shi muke gina gidaje da masallatai da asibitoci, dubban iyalai kuma da shi suke ci. Amma duk tirelar da ta shigo Kano daga Ashaka ko Kalambaina, ku sani tsohon teku ne ta ɗauko, an niƙa an gasa. Abin da ya shiga injin niƙa ya tafi ke nan. Shi ya sa misalin Faxe ya tsaya mini a rai. Can ma haƙa ake yi har gobe, kasuwanci ne sosai. Amma a bakin ramin an gina gidan adana burbushi, kuma ana barin mutane, har da 'yan makaranta, su sauka da guduma su nemi nasu. Haƙar ce ma take fito da sabon dutse a sarari, wanda da ba don ita ba babu mai ganinsa. Don da wani a can ya ajiye abin da ya tsinta ne aka iya gane abin da fitilar Lula ta haska a Azores.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba. Kamfanonin siminti su ware wani gefe na abin da suke haƙowa, su riƙa ba malaman jami'a da ɗalibai dama su tsince kafin a kwashe. Jami'ar Bayero na da sashen nazarin duwatsu, Jami'ar Ahmadu Bello ma haka, ga hukumar binciken ƙasa ta tarayya da asalinta ya koma 1919. Masana muna da su. Gidan Makama yana riƙe mana da tarihin sarauta da sana'o'i da yaƙe-yaƙe, to a samu ɗaki ɗaya a garin nan, ko a can ko a jami'a, inda za a jera kawar Gombe da amonait da kwafin kan Goronyosaurus, da bayani cikin Hausa da boko da ajami, a buɗe wa kowa. Sannan kowace sakandare ta samu ɗan akwati mai burbushi goma da yara za su riƙa taɓawa. Kawar nan ba zinariya ba ce, a wasu wuraren da shebur ake kwasarta.

Wani zai ce ana fama da kuɗin shinkafa da na makaranta, wa ke ta kawa? Na san halin da ake ciki, ni ma a cikinsa nake. Amma ilimin fallayen dutse shi ne ilimin da ke nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, shi ya nuna inda farar ƙasar simintin take tun farko. Man da aka sanar da samunsa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, a cikin jerin duwatsun wannan yanki yake, kuma da burbushin halittu, manya da waɗanda sai da madubin ƙara girma ake gani, masu haƙa ke gane fallen da suka kai. Yaron da zai yi wannan aiki gobe, daga wani wuri sha'awarsa za ta fara.

Ita kuma mai ran da ke ƙasan teku, abin tsoro a kanta a bayyane yake. Halittar da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru tana gina mazauninta, idan ragar manyan jiragen kamun kifi ko wani aikin haƙa ya rushe shi, jikokinmu ma ba za su ga ya dawo ba. Tarayyar Turai ta hana jan raga a ƙasan teku fiye da zurfin mita 800 a ruwanta na Atlantika tun 2016. Mu ma muna aiki a zurfi: rijiyoyin mai na Bonga suna cikin ruwan da ya wuce mita 1,000, kuma irin wannan aiki da na'urori masu kyamara ake yin sa, suna sauka suna ɗaukar hoto. Muna da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, an kuma kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2023. Ina fata a riƙa ba masananmu waɗannan hotuna su duba, musamman na wuraren da dutse ya miƙe tsaye, kuma ina fata cikin masu dubawar a samu 'ya'yan Kano.

'Yan uwa da ke Gombe, Bajoga, Pindiga, Wurno, Goronyo da kewaye, da direbobinmu da ke bin waɗannan hanyoyi, ga roƙona. Idan kun tsinci dutse mai siffar ɓawo ko ƙashi, ku ɗauki hotonsa a inda yake kafin ku ɗaga, ku ajiye biro ko makulli a gefensa don a gane girmansa. Ku rubuta sunan ƙauyen da ranar a takarda, ku sa su leda ɗaya da dutsen, domin burbushin da ba a san inda ya fito ba rabin amfaninsa ya tafi. Kada a kankare shi, kada a shafa masa mai ko fenti. Idan ƙashi ne babba da ke cikin dutse, kada a yi ƙoƙarin ɓalle shi, a bar shi a wurin a sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa. Malaman makaranta na cikin Kano da ke son ɗalibansu su ga wadda ke hannuna, ku yi mini magana ta akwatin saƙo, zan kawo ta ajinku in sha Allahu.